Wa ke riƙe da makunnin wutar Dogo-Dogo?

A ranar 28 ga watan Yuli na 2025, a birnin Yamai, hukumomin Nijar da na Rasha suka sanya hannu a kan wata takardar fahimtar juna da ta shafi amfani da nukiliya ta hanyar lumana, a lokacin ziyarar ministan makamashi na Rasha, Sergei Tsivilev. Wata biyu bayan haka, a wajen wani babban taro a birnin Mosko, ministan ma'adinai na ƙasar nan, Ousmane Abarchi, ya bayyana cewa Nijar na da burin gina tukwanen nukiliya guda biyu tare da kamfanin Rosatom, har ya ambaci ƙarfin megawat 2,000. Maganar ta yi wa mutane da yawa daɗi, kuma dalilin jin daɗin ba ɓoyayye ba ne. Tun 1971 ake haƙar uraniyom a Arlit, shekaru da dama ana ɗora shi a mota zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano, daga nan ya wuce Faransa, ƙasar da kusan kashi biyu cikin uku na lantarkinta daga nukiliya yake fitowa. Alhali kuwa a nan gida mutum ɗaya ne kawai cikin biyar yake da wuta a ɗakinsa, a karkara ma da ƙyar a samu ɗaya cikin goma. Wanda wannan lissafi bai yi wa zafi ba, to, bai san ƙasar ba.

Sai dai kuma zafin zuciya ba ya yanke wa ƙasa shawarar da za ta cinye dukiyar shekaru masu yawa. Ya kamata a auna maganar daga wani wuri da ke nesa da ofisoshin Yamai, kuma Dogo-Dogo ta isa ma'auni. Ƙaramar hukuma ce ta karkara a kudancin jahar Damagaram, kan iyaka da jihar Jigawa ta Najeriya. Tana cikin gundumar Magarya har zuwa 2011, lokacin da aka ɗaga Dungas ta zama gunduma mai zaman kanta, aka haɗa ta da ita. Ƙasa ce mai yawan jama'a, ta manoman gero da wake da gyaɗa da riɗi, da masu fataucin dabbobi waɗanda kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ta fi musu birnin Damagaram kusa. Naira na yawo a kasuwanninsu kafaɗa da kafaɗa da sefa. Mutanen da suke zaune a haka sun fi kowa sanin abin da ake nufi da dogaro da maƙwabci, da daɗinsa da kuma ɗacinsa.

Ɗacin kuwa kowa ya ɗanɗana shi a 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, kuma a farkon Agusta Najeriya ta katse wutar da take sayar wa kamfanin Nigelec. A lokacin, kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin da ƙasar ke sha daga can yake zuwa, ta manyan layuka biyu: na Birnin Kebbi zuwa Yamai, wanda aka ja tun 1976 don kawo wutar madatsar Kainji, da na Katsina zuwa Gazawa, wanda ke ciyar da jahohin Maraɗi da Damagaram da Tawa. Jami'an Najeriya sun sha faɗa cewa arahar wutar da suke ba Nijar wata ladar zumunci ce, don kada a datse kogin Kwara daga sama. Zumuncin shekara kusan hamsin ya tsaya cak cikin yini ɗaya. Tela ya koma keken ƙafa, mai walda ya zauna, mai sayar da ƙanƙara ya rufe firigo, ma'aikaci ya yi ta fifita da takardun da ya kamata ya buga. Wutar ba ta dawo ba sai cikin Maris na 2024, bayan an ɗage takunkumin, kuma ba ta dawo da ƙarfinta na da ba.

Ko babu rigimar siyasa ma, layin Katsina ba abin jingina ba ne. Daga Kano yake sha, Kano kuma daga babbar saƙar wayoyin Najeriya, wadda ta faɗi sau da yawa a cikin 2024 kaɗai. A watan Oktoba na wannan shekara, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗayan layin da ya rage kuma ya samu matsala, Kano da Katsina da Jigawa suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu. Wanda ya ari riga a wurin mai riga ɗaya, ranar wanki dukansu biyu tsirara suke.

Saboda haka babu mai musun cewa ƙasar na buƙatar wutar kanta. Abin tambaya shi ne: wace irin wuta ce makunninta zai kasance a hannun ƴan ƙasa? A nan ne ya kamata masu murnar nukiliya su ɗan tsaya su saurari yadda sana'ar take.

Abin da ke fitowa daga masana'antar Somaïr a Arlit wani gari ne mai ruwan ɗorawa, kuma ba a zuba shi a tukunyar nukiliya haka nan, kamar yadda ba a ɗinka riga da audugar da ba a gurje ba, ba a kaɗa ba, ba a saƙa ba. A cikin uraniyom na ƙasa, irin da ke ba da wuta bai wuce kashi 0.7 cikin 100 ba, alhali yawancin tukwanen duniya suna buƙatar kashi 3 zuwa 5. Dole sai an mai da garin iskar gas, an tace shi a cikin dubban injuna masu juyawa da tsananin gudu, sannan a dunƙula shi ƴan ƙwayoyi a jera cikin sandunan ƙarfe waɗanda aka ƙera daidai da samfurin tukunyar. Masu wannan aikin tacewa don kasuwa ƴan kaɗan ne a duniya: Rosatom na Rasha, wanda ya fi kowa girma, sai Urenco na Turai, da Orano na Faransa, da kamfanin gwamnatin Sin. Gwamnati ta janye lasisin Imuraren daga hannun Orano a watan Yuni na 2024, ta kuma mai da Somaïr mallakar ƙasa a watan Yuni na 2025. Wannan ya sauya mai ramin haƙa, amma bai kawo injin tacewa ko guda ba. Tukunyar da Rosatom zai gina, a al'adar irin wannan ciniki, daga Rasha makamashinta zai riƙa zuwa, da kayan gyaranta, da manyan injiniyoyinta na shekarun farko, da bashin gina ta. Makunnin da ke Abuja a 2023 zai koma Mosko ke nan. Yana yiwuwa abota da Mosko ta ɗore. Abota da Abuja ma an yi zaton za ta ɗore.

Na biyu kuma, wanda ya fi wuyar kaucewa, shi ne girman kayan. Lantarki ba ya ajiyuwa a cikin waya. Abin da injuna ke fitarwa da abin da jama'a ke sha dole su yi daidai a kowace daƙiƙa, in kuwa wani babban inji ya tsaya ba zato, sauran su cike gurbinsa nan take, ko kuma duka layin ya faɗi. Don haka ne masana, har da na Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, ke ba da ƙa'idar cewa kada inji guda ya wuce kamar kashi goma cikin ɗari na ƙarfin saƙar wayoyin da yake ciki. Tukunyar da Rosatom ke ginawa a Masar da Turkiyya megawat 1,200 take bayarwa. Buƙatar Nijar duka, a tsakiyar zafin bazara, ɗaruruwan megawat ce kawai. Kowane ɗan kasuwa ya san hukuncin wanda ya loda dukan jarinsa a gingimari ɗaya. Kuma wannan gingimarin dole ne ma ya tsaya: bayan kowace shekara ɗaya ko ɗaya da rabi ana kashe tukunyar na makonni don a sauya mata makamashi, kuma a cikin makonnin nan sai an samu wata wutar mai girman tata.

Sannan ita saƙar wayoyin ma ba guda ɗaya ba ce. Yankin kogi, wato Yamai da Doso da Tilaberi, yana gefe. Yankin Maraɗi da Damagaram da Tawa yana gefe. Arewa na rayuwa da gawayin Sonichar na Anu Araren tun 1981. Difa kuma tana can ita kaɗai. An gina kowane yanki yana fuskantar inda wutarsa ke fitowa, ba ya fuskantar ɗan'uwansa. Da a ce yau da safe an wayi gari da tukunyar nukiliya a bakin kogi, da ba ta kunna ko ƙwai ɗaya a Dungas ba.

Bakin kogin kuwa ba zaɓi ba ne, tilas ne, domin tukunyar nukiliya na buƙatar ruwa mai ɗimbin yawa don sanyaya. Tashar Koeberg ta Afirka ta Kudu, wadda ita kaɗai ce ke aiki a nahiyar tun 1984, a bakin teku take; ta El Dabaa da Masar ke ginawa, ita ma a bakin Bahar Rum. Nijar ba ta da teku. Tana da kogin Kwara, wanda dattawan Yamai ke tuna cewa a 1985 ya daina gudu a gaban birnin. Madatsar Kandaji ce ya kamata ta daidaita ruwansa, ta kuma ba da megawat 130. Marigayi shugaba Tandja Mamadou ya aza tubalinta a 2008, aka ba wani kamfanin Rasha aikin, aka soke kwangilar a 2013, aka sake farawa da kamfanin Gezhouba na Sin a 2019, aikin ya kuma tsaya bayan juyin mulkin 2023. Ba don a ci fuskar kowa aka kawo wannan tarihi ba. Madatsar ruwa dai ta fi tashar nukiliya sauƙi nesa ba kusa ba, kuma yankin da take ciki shi ne wanda matsalar tsaro ta fi addaba.

Maganar kuɗi gajera ce. An ƙiyasta tashar El Dabaa mai tukwane huɗu a kan dalar Amurka miliyar 30, Rasha ta ranta miliyar 25 daga ciki. Wannan adadi ya zarce dukan abin da tattalin arzikin Nijar ke samarwa a shekara guda. An sa hannu a yarjejeniyar a 2015, ba a fara zuba kankare ba sai 2022. Ita kanta Faransa, uwar sana'ar, ta fara tukunyar Flamanville ta uku a 2007, ba ta haɗa ta da layi ba sai Disamba na 2024, kuɗin kuma ya ninka kusan sau huɗu. Ana yawan ambaton ƙananan tukwane na zamani a matsayin mafita ga ƙasashe irin Nijar, kuma tunani ne mai ma'ana. Sai dai waɗanda ke aiki a duniya ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, a Rasha da Sin, aikin da ya fi suna a Amurka kuma, na kamfanin NuScale, an soke shi a 2023 saboda tsada.

To, kada masu son hasken rana su yi saurin tafi, domin su ma akwai inda takalminsu ke matsi. Tashar Guru Banda da ke kusa da Yamai, wadda ta fara aiki a ƙarshen 2023 daidai lokacin da ake tsakiyar duhu, megawat 30 ce, an kashe mata wajen sefa miliyar 20. Amma megawat na rana da megawat na nukiliya ba awo ɗaya ba ne. Tukunya na aiki dare da rana kusan duk shekara. Pano kuwa, in aka haɗa dare da gajimare da ƙura, kamar kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsa yake bayarwa. In aka yi lissafi, sai an jera tashoshi irin Guru Banda wajen 180 kafin su ba da abin da tukunyar megawat 1,200 guda ke bayarwa a shekara, kuma jimlar kuɗinsu ba ta yi nisa da kuɗin tukunyar ba, tun ma ba a sayi batir ba. Buƙatar wuta a garuruwan ƙasar nan tana tashi ne da almuru, lokacin da rana ta riga ta faɗi, ta kuma ci gaba har tsakar dare a watannin Afrilu da Mayu. Hazon hunturu na rage haske, ƙura na lulluɓe gilashi sai an yi ta sharewa, zafi mai tsanani na rage ƙarfin pano kuma yana gajarta ran batir. Pano da batir ɗin su ma ba a ƙera su a Damagaram. Yawancinsu daga Sin suke zuwa. Duhun da ya rufe Sifen da Fotugal a ranar 28 ga Afrilu na 2025 ya nuna cewa ko ƙasashe masu arziki, in wutar rana ta yi yawa a layinsu, sai sun tanadi injunan da za su riƙe daidaiton layin.

Duk da haka akwai bambanci guda biyu, kuma su ne ke yanke hukunci in an tsaya a Dogo-Dogo. Na farko, wutar rana tana sayuwa a ƙananan kashi. Tashoshi 180 ɗin nan ba dole ne a gina su rana ɗaya ko wuri ɗaya ba. Ana iya kafa ta farko bana a Magarya, ta biyu baɗi a Dungas, kowace ta fara aiki tun kafin a nemo kuɗin ta gaba, kuma in ɗaya ta lalace sauran na nan. Ta Malbaza mai megawat 7 ta nuna hakan tun 2018. Tukunyar nukiliya kuwa ba ta ba da ko kilowat ɗaya sai ranar da aka ɗaure ƙusarta ta ƙarshe. Yaron da aka haifa bana a Dogo-Dogo zai iya gama firamare kafin wannan rana ta zo, in ma komai ya tafi daidai. Na biyu, pano in ya riga ya shigo ƙasa, ya hau rufin ɗaki, zai yi shekara ashirin ko fiye ba ya neman makamashi daga kowa. Za a iya hana ƙasa sayen sabo, amma babu taron shugabannin da zai kashe wanda ke kan rufi.

Manoman rani na kwarin Korama sun riga masana gane wannan. Shekaru da yawa injunan ban-ruwansu da fetur ɗin ƴan ruwa-ruwa suke aiki, wanda ke ƙetaro iyaka da araha saboda tallafin gwamnatin Najeriya. Da shugaba Bola Tinubu ya soke tallafin a ranar 29 ga Mayu na 2023, arahar ta tafi, ƙarancin fetur na watan Maris na 2025 kuma ya ƙara nuna rauninta. Famfo mai aiki da rana ba ya buƙatar batir ma, tunda da rana ake ban-ruwa. Haka injin niƙa, haka walda, haka firigon ajiye allurar rigakafi in an yi masa ƙaramin tanadi. Farashin pano ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, na batir ma ya bi sahu. Kuma wannan ilmi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin makamashin rana na Onersol daga 1969 zuwa 1985, yana ƙera na'urorin ɗumama ruwa da na dafuwa da injin ɗebo ruwa tun lokacin da Turawa da yawa ke ɗaukar abin wasa. Da an riƙe aikinsa da hannu biyu, da yau ana maganar masana'anta.

Dare kuma fa? Amsarsa ba ta da ƙawa, amma tana nan a hannu. Matatar mai ta Soraz tana aiki a arewacin Damagaram tun Nuwamba na 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana, man kuma daga rijiyoyin Agadem yake zuwa, ba daga wata ƙasa ba. Injunan da ke ƙona wannan mai suna da tsada in aka bar su dare da rana. In kuwa rana ta ɗauke musu aikin yini, batir ya ɗauki na almuru, su kuma suka riƙe sauran daren da kwanakin hazo, tsadar na raguwa sosai. Wutar Najeriya, in tana nan, a saya, domin ta fi araha. Abin da bai kamata a sake ba shi ne a kwana ba tare da madadinta ba. Aikin da ya fi duka gaggawa kuwa ba ya jawo taron biki: jan babban layin da zai haɗa yankin kogi da na Maraɗi da Damagaram, da ƙananan layuka da taransifoma zuwa hedikwatar ƙananan hukumomi. Ko nukiliya aka zaɓa, ko rana, ko gawayin Salkadamna, ba a tsallake wannan waya.

A nan akwai rabon masu karanta wannan shafi. Kasuwannin iyaka sun cika da pano da batir marasa inganci, masu lambar ƙarfi ta ƙarya. Ɗan kasuwar da ya sayar wa manomi irin wannan kaya ya ci ribar wata guda, ya kashe wa sana'ar suna na shekaru, jami'in duwan da ya bar su suka shigo shi ma da hannunsa a ciki. Ba sabon abu ba ne a ga fitilun rana da aka kafa da kuɗin wani shiri sun mutu bayan shekara biyu ko uku, don ba a ware kuɗin sauya batir ba, ba a kuma horar da ko saurayi ɗaya a garin da zai iya buɗe akwatin ba. Magajin garin da zai karɓi irin wannan kyauta ya kamata ya tambayi wa zai gyara, da kuɗin wa, kafin ya tambayi ranar biki. Ofisoshin gwamnati kuma su riƙa biyan kuɗin wutarsu a kan kari, domin kamfanin da ake bin sa bashi, shi ma yana bin wasu, ba ya iya jan sabon layi.

Wannan duka ba ya nufin a rufe littafin nukiliya. Hukumar HANEA, da aka kafa a 2013, ta karɓi masu binciken Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya a 2018, kuma horar da masana da tsara dokoki aiki ne na shekaru da ya dace a ci gaba da shi. Amfaninsa a asibiti da binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa da inganta iri ba ya jiran tukunya. Ita tukunyar kuwa, in za ta zo, ba za ta zauna ba sai a cikin saƙar wayoyi ta ƙasashe da yawa, irin babban layin da aka ƙaddamar da aikinsa a Yamai a 2022 don haɗa Birnin Kebbi da Yamai da Wagadugu da arewacin Benin. Ko an tara buƙatar Nijar da Mali da Burkina Faso wuri ɗaya, ba ta kai girman da zai ɗauki tukunyar megawat 1,200 bisa ƙa'idar kashi goma ba. Babban mai sayen da zai iya shanye rarar wutar, ya kuma tallafi layin ranar da aka kashe tukunyar don sauya makamashi, shi ne dai maƙwabcin da ke bayan Maigatari.